Hayaƙin Barkono a Malikanchi

Ruwan farko bai yi sallama ba. Hajo tana ɗaki tana jijjiga jariri sai ta ji ɗigo a bayan ƙwarya, kafin ta miƙe sama ta ɓalle. Ta fito a guje, amma ina, tabarmar da ta shanya kayan yaji a tsakar gida tuni ruwa ya hau ta. Barkono yana iyo, kimba ta kama hanyar kwata. Ƙanwarta Kulu ta faɗo daga ɗakin girki da faifai, suka yi ta kwasa da hannu bibbiyu har da laka.

Kayan nan kuwa ba na wasa ba ne. Madina, 'yar farin Hajo, ta zo gida wankan jego, ta haifi namiji, amma tun ranar bakinta ya ƙi abinci. Tuwo ta ture, kunun kanwa ta kurɓa ta ajiye. Nono bai sauko ba, jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Da safen nan dangin mijinta Zailani suka aiko daga Gubuchi cewa in gari ya waye babu nono, za su zo su ɗauki yaron su ba matar wansa mai goyo ta shayar.

Abin da Hajo ta dogara da shi ke nan: romon ƙafar saniya da yajin jego mai zafi. Zailani ne ya sayo kayan a kasuwar Makarfi. Citta ta ƙasar Jaba ce, da kyar ya samu, don Turawa na ɗibarta a jirgin ƙasa. Kimba da masoro daga kurmi fatake suke hauro da su tare da goro. Kanumfari kuwa an ce sai ya ƙetare teku, shi ya sa ake ɗibarsa da 'yan yatsu. Kasuwa ba ta kusa ci ba, ga rafi zai cika.

Jiƙaƙƙen yaji ba ya dakuwa, sai dai ya dunƙule a turmi. Kulu ta ce a busar da shi a kasko. Hajo ta yarda, amma ta ja mata kunne ta tsince barkonon tukuna. Kukan jaririn ya sake tashi, ta koma ɗaki.

Kulu kuwa tun tana yarinya ba ta san jira ba. Ta dubi tulin, ta ga tsinta za ta kai ta la'asar, sai ta iza wuta ta juye duka.

Tari ɗaya ta yi, na biyu ya durƙusar da ita. Hayaƙi ya cika ɗakin girki, ya rasa hanyar sama saboda ruwa, ya bi ƙasa ya shiga kowane lungu. Awaki suka kama atishawa. Maigida Mailafiya ya fice daga zaure da bakin rawani a hanci, ya tsaya cikin ruwa yana salati. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko maye ake kora.

Hajo dai ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta ba, kunya ta hana, “yarinyar nan” take cewa. Ranar ta manta.

“Madina, rufe masa fuska!”

Hajo ta saki asabari, ta jiƙa zani ta toshe ƙofa, sannan ta nufi murhu ido rufe, ta janye kaskon da bakin zaninta.

“Yaya, wallahi sauri nake miki,” in ji Kulu, hawaye da majina sun haɗe.

“Na gani. Saura kaɗan ki kai mu lahira da sauri. Zo ki tsince abin da kika ƙi tsincewa.”

Barkonon ya zama gawayi, suka watsar. Amma citta da kimba da kanumfari sun gasu, sun fid da mai, suna wani ƙamshi da Hajo ba ta taɓa ji ba. Kulu ta ce yaji babu barkono ai gari ne. Hajo ta ce kakarsu da masoro kaɗai take ba yaji zafi, kuma ba wanda ya taɓa raina shi. Ta ƙara masoro, suka sa taɓare biyu a turmi. Ta tsinko ɗoɗɗoya a bayan makewayi inda ruwan wanka ke bi, ta jefa cikin romon, ta bi shi da sabon yajin.

Tukunya na tafasa, aka ɗaga asabari.

“Inna, mene ne wannan kuke dafawa?”

Hajo ba ta ko juya ba. Ta ce wa Kulu ta tambayi yarinyar nan ko ci za ta yi ko surutu.

Madina ta shanye akushi guda tana gumi, ta miƙo a ƙara. Ta nemi sauran tuwon dawa ta bi da shi. Bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, gidan ya yi tsit. Hajo ta leƙa ta ga jaririn ya kama, yana haɗiya har ana ji.

“To, angona, ka zauna. 'Yan Gubuchi su zo su ci romo su koma.”

Kulu ta buɗe baki za ta yi guɗa ke nan aka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Mailafiya ya shigo da sauri, bayansa wani dogon mutum ya tsaya a bakin zaure, da gajeren wandon kaki, idanunsa jawur. Ba wanda ya san shi. Ya ce shi ne kukun Baturen da ya sauka rangadi a bukkar baƙi, bayan katangar gidan. Hayaƙi ya tashi Bature daga kan shayi, dokinsa ya tsinke igiya ya shiga daji.

“Yana son ganin matar da ta ɗora kaskon,” in ji shi. “Ya ce ta taho da abin da ta dafa.”

Kulu ta lallaɓa ta ɓuya bayan Hajo.