Motar Nababa Mai Jan Hagu

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Nababa mai hatsi yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko dawa da gero da ita daga Rijau da Dukku zuwa kasuwar Kontagora. Motar ta sha jiki. Sifirin ɗinta, ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, sun kwanta, in aka ɗora mata buhuna sai ta durƙusa kamar raƙumi. Sitiyarin kuma ya yi sako-sako, sai an juya shi da nisa kafin ƙafafun gaba su ji. Direbanta Mika'ilu ne, ƙanen matarsa Iyatu, kuma shi kaɗai ya san yadda ake lallaɓa ta.

Nababa ba mugu ba ne. Yana salla, yana fid da zakka, mudunsa cikakke ne. Aibinsa ɗaya, bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya dafa aljihu.

Da kaka ta gabato, Mika'ilu ya same shi a zaure ya ce, "Yaya, motar nan tana neman makanike. A ƙara mata sifirin, a ɗaure sitiyari, kafin hatsi ya fito."

"Wane makanike?"

"Irmiya mana. Ya san ta."

"Ya san ta, ko ya san ka?"

Mika'ilu ya yi dariya, don akwai wasa tsakanin mutum da mijin yayarsa. Ya ce, "Duk ɗaya ne, ni da ita tare muka tsufa a hannunka."

Nababa bai yi dariya ba. A wurinsa direba da makanike Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ɗaya ya kawo mota, ɗaya ya cire ƙarfe mai kyau ya maye da ruɓaɓɓe. Sai ya ƙulla dabararsa. Ya aiki Mika'ilu Sahon Rami ya duba masa gonar da ake girbi, ya ce kada ya dawo sai an gama ɗaure dammuna. Shi kuma ya hau motar da kansa. Ya ɗan iya tuƙi, irin na wanda bai taɓa wuce giya ta biyu ba.

Irmiya mutumin ƙasar Rijau ne, garejinsa na gindin wani mangwaro bayan tashar mota. Nababa ya ce masa, "Gefen hagu kawai za ka taɓa, gaba da baya."

"Maigida, ko wando ba a ɗinke masa ƙafa ɗaya."

"Gefen dama lafiyarsa lau."

"Da shi da hagun rana ɗaya aka haife su."

"Ka yi abin da na ce, ko in wuce."

Irmiya ya ɗaga kafaɗa ya sa jak. Ya kwance sifirin hagu, ya yanko falle biyu daga na wata matacciyar babbar mota ya ƙara a ciki. Ya canza kan sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar hagu, ya ja igiya ya daidaita ƙafar da 'yar'uwarta ta dama kamar yadda ya same ta. Nababa na zaune kan gwangwani yana kallon hannunsa, ko ruwa bai tashi ya sha ba. Da aka gama ya tattara tsofaffin ƙarafan a buhu, har da notin da ya lalace.

Washegari ya kwaɓa laka ya shafe sabon aikin don kada a gane an taɓa shi. Ya tuƙa motar zuwa ɗaya ƙarshen gari wurin Jumare, wani makanike da Mika'ilu ba ya hulɗa da shi. Ya ce masa dama kawai. Lissafinsa shi ne, in gefe ɗaya ya lalace nan gaba, ya san ɓarawon a cikinsu, kuma tun da ba wanda ya san da ɗaya, ba za su haɗa baki ba.

Jumare nasa salon daban ne. Ya kai sifirin dama maƙera aka gasa, aka buga har ya yi doro sosai, sannan ya ƙara masa falle masu kauri. Ya ɗaure tasa sandar sitiyarin gwargwadon idonsa, yana auna ta da ƙafar hagu. Da aka sauke jak ya ja baya ya duba, ya ce, "Malam, motarka ta ɗaga kafaɗa ɗaya. Bari in leƙa hagun."

"Ba ruwanka da hagu. In ta ji kaya za ta zauna."

Da Mika'ilu ya dawo ya zagaya motar, ya karkata kai. "Yaya, wa ya taɓa ta?"

"An gyara."

"Wa ya gyara?"

"Tuƙi aka ɗauke ka, ba tambaya ba."

Ran kasuwar Rijau suka yi lodi suka kamo hanyar gida. Motar irin ta dā ce, sitiyarinta a dama. Saboda haka tun da aka sauya hannu, direba ne ke gefen daji, wanda ke zaune kusa da shi kuwa shi ne ke fuskantar motocin da ke tahowa. Nababa ne a wannan kujerar. Tun daga fitowarsu motar take zamewa hagu. Mika'ilu ya maido ta, ta koma. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu har jijiyoyin wuyansa suka fito. Nababa bai dubi hanya ba, hannun direban yake duba.

A wata kwana suka haɗu da babbar motar shanu. A-kori-kura ta faɗa rami, ta ƙwace, ta nufi tsakiyar hanya. Mika'ilu ya fizgo ta da ƙyar. Katakon babbar motar ya share madubin gefen Nababa, karen motar ya leƙo ya zazzaga musu ashar.

"Kashe ni za ka yi?"

"Yaya, ja take yi! Wallahi ja take yi!"

"Dā da ba a gyara ta ba ba ta ja, sai yanzu? Kuma ba ta jan gefenka sai nawa?"

Da Nababa ya bari sun isa gida ya yi faɗansa a zaure, da abin ya tsaya nan. Amma a tasha ya sa aka tsaya, gaban Sarkin Tasha da direbobi da 'yan kamasho. Ya zare makulli ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, na karɓi motata. Yaron nan hannunsa bai bar hagu ba. Ko dai ya kasa koyon sabon hannu, ko kuwa da gangan yake yi. Allah ne ya san wanne."

A wannan shekarar babu maganar da ta fi wannan kashe direba. Kowa a tsorace yake da hanya, mai mota ba ya ba da makullinsa ga wanda aka ce yana mantuwa ya koma tsohon hannu. Kafin mako ya zagayo 'yan kamasho sun raɗa wa Mika'ilu Na-Hagu. Ya nemi mota wurin mutum uku, kowa ya ce ya dawo bayan salla. Ga mata, ga 'ya'ya. Iyatu ta yi wa mijinta magana, ya ce jini ne ke magana a bakinta.

Nababa ya ɗauki wani direba. Mutumin ya je Dukku ya dawo ya ce, "Maigida, motar nan tana jan hagu." Nababa ya ce a ransa, abokin Mika'ilu ne, an sa shi ya faɗa. Ya sallame shi. Ya sa aka yi lodin gero, ya hau da kansa don ya ƙaryata su duka. Bai fita unguwa ba motar ta kwashe shi a hankali, yana ja tana ja, har ta tura hanci cikin dangar wani maƙwabci, ƙafar hagu ta faɗa lambatu. Awaki suka watse, mata suka leƙo.

Mai hankali a nan zai tuna da ƙanen matarsa. Nababa makanikai ya tuna. Ya tabbata ɗayansu ya cuce shi, saura ya san wanne. Ya aika wa Irmiya ya zo da hantsi, ya aika wa Jumare ya zo bayan azahar, don kada su gamu. Irmiya ya makara, Jumare ya yi sammako. Ɗaya ya shiga ƙarƙashin motar ta hagu, ɗaya ta dama, suka haɗa ido a tsakiya.

"A'a, Jumare! Me kake nema a ƙarƙashin motata?"

"Motarka? Ni na gyara ta."

"Kai ka gina wannan tudun?"

"Au, kai ne mai wannan kwarin? Na ga laka, na ce tun zamanin Turawa ba a taɓa shi ba."

"Ƙafar gaba fa, da me ka auna?"

"Da taka mana."

"Ni kuma da taka na auna, tun kafin ka motsa ta!"

Suka fashe da dariya a kwance, har motar tana amsawa. Nababa ya sunkuyo, fuska a murtuke, ya ce, "Ashe kun san juna."

Irmiya ya fito yana share hawaye. "Maigida, gari ɗaya muke, sifana ma aro muke yi. Ba wanda ya cire maka komai. Aikina mai kyau ne, nasa mai kyau ne, amma ba na mota ɗaya ba ne. Dama ta fi hagu tsawo, ƙafafun gaba kowace da inda ta dosa. Wanda ya kawo ta daga Rijau da kaya bai kashe ku ba, ka yanka masa rago."

Mutane sun taru, cikinsu har da Mika'ilu, don Iyatu ta aika masa ya zo a taya fid da motar. Ya ji komai. Ya sa kafaɗa aka turo ta.

Makanikan biyu suka kwance aikin duka suka sake shi tare. Suka jera sifirin biyu a ƙasa har suka zo daidai, suka ja igiya ɗaya ta kewaye ƙafafu huɗu. Motar ta miƙe, sitiyari ya yi ƙarfi, ta ɗauki kayan da ba ta taɓa ɗauka ba. Nababa ya kira Mika'ilu zaure ya ajiye makulli kan tabarma.

"Ga shi. Gobe akwai Rijau."

"Yaya, ba a nan ka karɓe shi ba."

"Me kake nufi?"

"A tasha ka karɓa, da baki. A can za ka mayar, da bakin."

"Ni zan tsaya gaban 'yan kamasho in ce na yi ƙarya?"

"Ka ce abin da ya faru. Mota ta samu masu gyara. Ni fa?"

Nababa ya yi kwanaki yana juya maganar, yana neman inda aka ɓoye masa tarko a ciki. Iyatu ta daina yi masa magana sai gaisuwa. Daga ƙarshe ya tafi tasha. Ya tsaya inda ya tsaya dā, ya faɗi yadda ya raba aikin biyu, da lakar da ya shafa, ya ce Mika'ilu ba shi da laifi. Muryarsa ba ta kai ta ranar farko ba, amma ya faɗa duka, kuma a yaba masa wannan. Sarkin Tasha ya ce madalla, ya karɓi makulli ya danƙa wa Mika'ilu.

Ba su kai bakin tasha ba Mika'ilu ya ji wani ɗan kamasho yana cewa, "To me zai ce? Ƙanen matarsa ne. Uwargida ta hana tuwo."

Wani ya ce, "Ni dai ba zan sa kayana a motar Na-Hagu ba."

Nababa ma ya ji. Ya juya zai koma, Mika'ilu ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Bari, Yaya. In ka sake faɗa, cewa za su yi an biya ka."

Zargi ba ya komawa bakin da ya fito. Mika'ilu ya ci gaba da tuƙa motar Nababa, don babu wani mai mota a Kontagora da ya neme shi, kuma sunan ya bi shi har 'ya'yansa. Bai ƙara yin gardama da mijin yayarsa ba. Amma kullum kafin ya tayar da injin sai ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi, ya kankare laka da farce, ya duba dama ya duba hagu. In Nababa ya ce masa, "Ba wanda ya taɓa ta," sai ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da dubawa.