Yunifom a Kan Kabbasa

Duk amaryar da aka kai ɗaki a Ƙofar Ran cikin 'yan shekarun nan, in har ɗakinta ya yi ƙamshin da ake labari, to ka bincika, hannun Innata ne. Turaren wuta take haɗawa, da humra, tun kafin a haife ni. A gidanmu ko tsumman goge ƙasa ka ɗauka ƙamshi yake yi. Maƙwabta har tsokanarmu suke, wai ko kazarmu aka yanka sai an ji sandal a romon.

Ni kuwa Ni'ima, 'yarta ɗaya tilo, sai Allah ya ajiye abincina a wani asibitin kuɗi da ke Fadaman Mada. Atenda aka ɗauke ni, wato mai taimaka wa nas. Mu ne masu gyaran gado, mu juya marar lafiya kada bayansa ya yi gyambo, mu goge masa jiki, mu ba shi abinci a baki, mu kai fo mu zubar. Aka ce wata uku na gwaji ne, in na yi abin kirki a tabbatar da ni. Aka ba ni yunifom kala biyu, riga da wando ruwan ganye, da ƙaramin farin hijabi da ake cusawa cikin wuyan riga don kada ya leƙa inda bai kamata ba. Ina son aikin nan, ban ɓoye wa kowa ba. Na daɗe a gida ina zaman jira kafin in same shi.

Ranar farko da na dawo, ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka. Inna ta tare ni a tsakar gida da murna, ta matso za ta karɓi jakata, sai na ga hancinta ya motsa.

"Wannan kuma warin mene ne?"

"Izal ne, Inna. Da shi ake goge ƙasa."

Ta karɓi jakar ta kai mini ɗaki. Washegari da safe na tarar da yunifom ɗina a baje kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kaskon turare don hayaƙi ya ratsa tufafi. Na saka, ta jawo ni ta gyara mini wuyan hijabi da hannunta, ta ɗan buga kafaɗata, ta ce Allah ya tsare. Tun daga ranar haka muke rabuwa kullum. A cikin keke napep mata sai waiwaye suke suna tambayar inda na sayi turare, ni kuma ina ta fasa kai.

Kan nawa bai daɗe a fashe ba. Shugabar ɗakin mata, Sista Agnes, doguwar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana. Ta kira ni gefe.

"Ni'ima, biki kika zo?"

"A'a, Sista."

"To nan akwai masu asma, akwai waɗanda aka yi wa aiki, ƙamshi kaɗan sai amai. Yunifom sabulu da ruwa kawai ya sani. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Da na koma gida na gaya wa Inna, amma a sanyaye, ina sosa ƙeya. Ta dube ni kamar na ce mata zuma na kashe mutum.

"Ƙamshi ne zai kwantar da mutum? Ni da nake cikinsa tun ina budurwa, ko mura ba na yi. To shi ke nan, zan rage."

Ta rage ɗin, amma da mudun Inna. Abin da take kira kaɗan zai ishi ɗakin amarya kwana biyu. Da na ga haka sai na sake dabara: na daina kawo yunifom gida. In na tashi aiki in wanke a famfon bayan asibiti, in shanya, da safe in zo da doguwar rigata in canza a can. Na ce wa Inna sabuwar doka ce. Ta taɓe baki, ta ci gaba da gyara mini wuyan hijabin gida.

Haka muka tafi lafiya har damina ta kankama. Wata rana wata baiwar Allah ta yi mini amai a jiki, na wanke wannan kalar, ga ɗayar tun jiya ruwa ya dake ta a kan igiya. Duka biyun a jiƙe, gobe kuma aikin safe gare ni. Dole na ƙunso ɗaya a leda na kawo gida, na shanya a ɗakina, na ja ƙofa.

Da asuba na same shi a ninke bakin gado, a bushe ƙarau, har da ɗumi.

"Inna, me kika yi masa?"

"Garwashi kawai na sa ya busar. Haka za ki saka jiƙaƙƙen kaya, sanyi ya kama miki ƙirji?"

"Ba turare?"

"Ɗan abin da ya maƙale a kasko ne. Ba wanda zai ji."

Na kai rigar hanci, na shaƙa, na sake shaƙa. Wallahi ban ji komai ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, hancin da ya tashi a gidan mai turare ba shaida ba ne. Ni da Inna duk mun daɗe da daina jin gidanmu.

A gadon da ke kusa da taga akwai Mama Ogochukwu, mai shagon robobi da kwanuka, wadda asma ta kwantar, ga kuma ciwon ƙafa. Mace ce mai barkwanci, ta fi shekara talatin a Bauchi, kuma ta ɗauke ni kamar 'yarta. Kullum sai ta ɓoye mini ayaba a ƙarƙashin filo.

"Yarinya na ya zo," in ji ta da ta gan ni. "Zo ka ɗaga ni, bayana ya gaji."

Na sunkuya na sa hannu ƙarƙashin hammatarta kamar yadda aka koya mana, ta rungumo wuyana, fuskarta a kafaɗata. Na ɗaga ta zaune. Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu. Daga nan sai na ji ƙirjinta yana fito kamar an taka 'yar tsana ta roba. Ta riƙe ƙarfen gado, idanunta suka firfito, tana buɗe baki iska ta ƙi shiga. Na miƙa mata abin shaƙarta, ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa.

Sista Agnes ta iso da gudu. Tana zuwa kusa da ni ta tsaya cak na ƙiftawar ido, ta ce, "Fita waje." Na fita na tsaya a baranda, ina leƙe ta taga ana sa wa matar nan abin numfashi a fuska. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba aikin ma nake tunani ba a lokacin, matar da ke ɓoye mini ayaba nake kallo tana kokawa da iska saboda ni.

Da numfashinta ya daidaita, Sista ta fito tana cire safar hannu.

"Allah ya taimake ki, ya taimake ta. Hannunki na da kyau, Ni'ima, marasa lafiya na son ki. Amma na gaya miki sau ɗaya. Je ki gida. Gobe ki zo, ni da kaina zan shinshina ki a bakin ƙofa. In na ji ko ɗis, gwajinki ya ƙare a nan."

Na shigo gida hantsi bai gama ɗagawa ba. Inna na zaune a tabarma tana jiƙa itacen turare a cikin roba. Na yi niyyar yin faɗa, na haɗo maganganu tun a keke, amma ina ganinta sai kuka ya riga ni. Na gaya mata komai, har yadda idon matar ya firfito.

Inna ta tsame hannunta daga robar, ta daɗe tana kallonsa.

"Ta rayu?"

"Ta rayu."

"Alhamdu lillahi." Ta goge hannun a zanenta, ta ce, "Ranar sunan gidan Malam, Zubaida ta ce a gaban mata, wai 'yar mai turare ta koma kwasar fo. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba kunyar aikinki nake ji ba, Ni'ima, Allah ya sani. Amma ba na son ki zauna a keke wata ta kau da hanci. Wasu iyayen a mota suke kai 'ya'yansu aiki. Ni abin da nake da shi ke nan da zan haɗa ki da shi."

Iya Zubaida ita ce maƙwabciyarmu ta jikin katanga. Bakinta ya fi allura, kuma tun ranar sunan nan, ashe, gaisuwa kawai ke haɗa su da Inna. Ban san da wannan ba sai ranar. Na shiga ɗaki na kwanta, barcin baƙin ciki ya ɗauke ni.

Kiran sallar azahar ya tashe ni. Rana ta fito. Na duba inda na jefar da ledar yunifom, babu. Na duba igiyar tsakar gida, babu. Inna ma ba ta nan. Sai na jiyo muryar Iya Zubaida ta kan katanga tana cewa, "Ki ƙara ɗauraye hammatar, nan ne yake maƙalewa."

Na zagaya na shiga gidan. Ga Innata tsugune a bakin rijiyar Iya Zubaida, da bokitin Iya Zubaida, da sabon sabulun wanki ko takardarsa ba a yar ba. A hannunta kuwa safar roba ce ta asibiti, wadda ta zaro daga jakata, ta saka ta a karkace, babban yatsa na lilo. Tana cuɗa rigar nan kamar da ita suka yi faɗa.

"Inna, me ya kawo ki nan?"

"Gidanmu ko igiya ƙamshi take. Bokiti ma haka. Hannuna kuwa ko da toka na wanke ba zai bari ba." Ba ta ɗago ba. "Na ce wa Zubaida ta ara mini gidanta, tunda nata ba ya ƙamshin komai."

"Ji ta," in ji Iya Zubaida. "Ta zo roƙo tana zagi." Amma ita ce ta karɓi rigar ta matse, ta shanya a igiyarta, a tsakiyar gida inda duk mai shigowa zai gani. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma gobe nan za ki zo ki yi wanka, ki shirya a ɗakina. Gashin nan ma a wanke shi yau. Uwarki ta ce har masu ciwon ƙafa kike ɗagawa. Ki koya da kyau, ga gwiwata nan tana jiran ki."

Da safe haka aka yi. Na yi wanka a gidan mutane da sabulun da ba ya ƙamshin komai, na saka yunifom ɗin da Iya Zubaida ta goge, na ɗora mayafinta a kai. Da na fito, Inna na tsaye a ƙofar zaurenmu tana jira. Na nufe ta kamar kullum, na miƙa mata wuya. Hijabin a karkace yake, na sani, don ban taɓa iya daidaita shi ni kaɗai ba. Hannunta ya taso har ya kusa, sai ta mayar da shi baya ta riƙe da ɗayan, ta ja da baya taki ɗaya.

"Ja shi ta hagu," ta ce. "Ƙara kaɗan. Yauwa. Allah ya tsare."

Na shiga keke. Ba wadda ta waiwayo ta tambaye ni turare.

Sista Agnes na bakin ƙofa kamar yadda ta ce. Ta sunkuyo ta shinshina kafaɗata, da wuyana, har da hannun riga. Ta gyara tabarau.

"Je ki, gado na taga tun ɗazu take tambayar ki."

Mama Ogochukwu ta kama hannuna tun kafin in gama ba ta haƙuri. "Bar shi, bar shi. Turaren yana da daɗi, ƙirjina ne ba ya da hankali. Ka gaya wa mamanka, in yarinya na zai yi aure, shi ne zai haɗa mana. Ni zan tsaya a waje." Ta zaro ayaba daga ƙarƙashin filo.

Ranar na yi aiki kamar ba gobe. Na juya mutum huɗu, na zubar da fo ban san iyaka ba, izal ya fallatsar mini a wando. Da yamma na sauka a keke da yunifom ɗin a jikina, don ɗayan yana can asibiti a bushe yana jiran safiya, wannan kuwa igiyar Iya Zubaida zai kwana.

Tun daga zaure na hango hayaƙi. Kabbasa na tsakar gida, an lulluɓe ta da zanena na zaman gida da tsohuwar rigata. Inna na gefe tana fifita garwashi.

"Bari in cire wannan in watsa ruwa, Inna. Duk warin asibiti nake."

"Zo nan tukuna."

"Zan ɓata miki jiki."

"Na ce zo."

Na je. Ta miƙe, ta kama wuyan hijabin nan da ya sha gumi, wanda yanzu za a cire shi a jefa a bokiti, ta ja ta hagu, ta cusa bakinsa cikin riga, ta lallashe shi da tafin hannu har ya kwanta daidai. Sannan ta ɗan buga kafaɗata.

"Tun safe yake damuna," ta ce.