Kwalba ta Ashirin da Bakwai

Sau uku ke nan Baba Sai-an-duba yana saka kwalba ta ashirin da bakwai a injin awon jini, kuma sau uku injin yana ba da amsa ɗaya: dalma ta yi yawa, yawan da ba a kwana da shi. Dakta tana tsaye a bayansa, ta harɗe hannuwa.

Shekara biyu tana bin yaran unguwar da ake narka tsofaffin batura, tana auna dalmar da ke jininsu da ɓarnar da take yi wa ƙwayoyin halittarsu. Irin wannan aiki ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya, dole a samo yaran nesa masu lafiya a gwada da su. Da adadin ya ƙi cika, sai ma'aikatan sashenta na jami'a suka kawo yaran gidajensu. Ita ma ta kawo autarta, 'yar shekara huɗu, aka lallashe ta da alewa aka ɗebi jinin. Daga kwalba ta ashirin zuwa ta talatin duk na yaran nan ne.

Matsalar ita ce ba ta san lambar autar ba, kuma ita da kanta ta kafa wannan doka. Ta sha gaya wa ɗalibai cewa ido yana ganin abin da zuciya take so, don haka mai duba ƙwayoyi a madubin likita ba zai san jinin wa yake kallo ba sai ya gama. Baba, tsohon ma'aikacin da ɗalibai suka laƙaba wa wannan suna saboda ko gaisuwa sai ya duba kafin ya amsa, shi ne ya ba kwalaben lambobi, ya kulle rajistar a durowar ƙarfe.

Ta koma teburinta ta ɗora gilashin da aka shafa wa jinin ashirin da bakwai a ƙarƙashin madubin. Ƙwayar lafiyayyen yaro a dunƙule take. Waɗannan kuwa kowace ta ja wutsiya a bayanta, alamar zaren halittar ya kakkarye. Nan take hankalinta ya tafi gida. Tsohon fentin tagar, irin mai dalma, da autar take ɓantara tana kaiwa baki, ciwon cikin makon jiya, abincin da ta fara turewa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta nemi makulli. Baba ya ce ta yi haƙuri, saura gilashi uku kawai, idan aka buɗe yanzu lauyoyin masu kamfanin narka baturan za su ce ta san sunayen kafin ta ƙidaya, aikin shekara biyu ya bi ruwa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi ƙona mata rai.

"Baba, aikinka ka sani, amma ba ka san abin da nake ji ba."

Ya jera mata gilasan ukun a gefen madubi ya koma kujerarsa.

Ƙwaya ɗari ake ƙidayawa a kowane gilashi. Ta ƙidaya su zufa tana shiga mata ido, ta ɓata lissafi sau biyu ta sake daga farko, domin ko yau ba ta iya yin ha'inci a ƙidaya ba. Da ta rubuta adadi na ƙarshe ta sa hannu, Baba ya buɗe durowar ya ajiye rajistar a gabanta.

Yatsanta ya bi layukan. Ashirin da huɗu, ga sunan autarta. Ta zube a kujera tana alhamdulillahi, ta maimaita, har da 'yar dariya mai haɗe da hawaye. Sai da numfashinta ya dawo sannan ta tuna cewa ashirin da bakwai ma ɗan wani ne. Ta gangaro da yatsa. Sunan yaron baƙo ne a wurinta, amma sunan wanda ya kawo shi, a layin gefe, da rubutun hannunsa, ba baƙo ba ne.

Kunya ta rufe ta, ta kasa ɗaga kai. Baba ne ya cece ta da magana. Ya ce jikansa ne, ɗan babban ɗansa. Uban ya samu aiki a wurin narka baturan wata takwas da suka wuce, kullum yana dawowa da kayan aiki masu ƙurar dalma a jikinsa, yaron kuma ba ya bari ya cire riga sai ya ɗauke shi. Shi da ya shekara talatin yana wanke hannu sau goma a rana, ko sau ɗaya bai kawo rigar a ransa ba.

Ta ce yau ɗin nan za a kai yaron asibiti, akwai maganin da ke fitar da dalma, da kanta za ta kira likitan. Ya gyaɗa kai, yana goge bakin injin da ba shi da datti.

"Fitarwa na sani, Dakta. Yaron ya fara haɗa magana, sai ya daina. Wannan nake tambaya, 'yata. Tana dawowa?"

Amsar tana babi na huɗu na rahotonta, ita ta rubuta ta da hannunta, kuma ba wadda yake so ya ji ba ce. Ta ɗauki makullin motarta ta ce ya taso su je su ɗauko yaron.