Allurar Malam Markus

Ranar da aka binne Salome, matar Malam Markus, gefen zanen wata mai gaisuwa ya kama hannun garmaho, allurar ta karye.

Malam Markus, tsohon malamin kimiyya, faifai ɗaya ne ya dame shi: na mawaƙan cocinsu na Tungan Magajiya, wanda aka ɗauka tun matar tasa tana budurwa. A waƙar ƙarshe, can kusa da cibiyar faifan, akwai inda siririyar muryarta ke hawa ta bar ta sauran mata a ƙasa.

Sunday mai gyaran rediyo ya samo masa wata allura. Faifai ya juya, ganga ta fito, maza suka fito, amma babu Salome, sai wata ƙara kamar ta mai a kasko.

Ya kira 'yarsa Faith a Minna, ya ce, "Allura nake so. Ta nan ba ta yi min ba." Layin ya katse. Washegari sai ga ta da wata nas mai suna Vivian.

"Baba, miƙo hannu," in ji Vivian.

"Wanne? Nawa ko na garmaho?"

Da Faith ta gane irin allurar da ake nufi, ranta ya ɓaci. "Saboda faifai na baro aiki? Baba, kunnenka ne ya tsufa. Zaman kaɗaicin nan ya fara taɓa ka. Haɗa kaya mu tafi Minna."

"Ba inda za ni. Zauna, ai kun tsallake wannan darasin a makaranta. Layin faifai kwari ne mai lanƙwasa. Babbar murya lanƙwasarta da faɗi. Siririya kuwa ƙanana ne a matse, kuma suna ƙara matsewa in an doshi tsakiya. Allurar Sunday bakinta mulmulalle ne kamar kan taɓarya, tsallake su take yi. Wadda ta karye bakinta kamar ƙwayar shinkafa yake, siririn gefen ke shiga kowane lungu. Uwarki tana ciki. An dai ba ni taɓarya ne in yi sakace."

Vivian ta kawar da kai tana danne dariya.

Faith ta ce, "To, in na samo irin taka, aka sa, babu muryar, za ka bi ni?"

"In akwai fa?"

"In bar ka da garmahonka."

A Kaduna ta samo ta, wurin wani mai sayar da tsofaffin faya-fayai. Da ta dawo, sai da ta fito da jakarsa tsakar ɗaki tukuna. Shi ya ɗaura allurar da kansa, ya sauke ta a kan waƙar ƙarshe. Ƙarar nan ta tafi. Ya ji ganga, ya ji maza, ya ji mata. Ya jira wurin da ya sani. Wurin ya zo ya wuce, bai ji kome a sama ba.

Faith kuwa ta rufe baki da tafin hannu, ta sulale ta zauna a ƙasa. A fuskarta ya ga inda muryar ta hau, da inda ta sauka.

"Mama ce," ta ce. "Baba, kai ma ka ji?"

"A kan ko tana ciki muka yi magana. Tana ciki?"

"Tana ciki."

"To, mayar min da jakata."

Bayan ta tafi tasha, ya jawo kujera ya manna kunne a jikin lasifika, ya sake ɗora allurar. Duk zaman aurensu, in Salome tana waƙa a madafa yana karatu, cewa yake ta rage murya. Abu ɗaya ne bai taɓa samun damar faɗa mata ba: Salome, ɗan ƙara murya.