Giginya ta Bakwai

Kuna zaune a rumfar bakin tasha ranar da muka shigo da Malam Bunyaminu a kan amalanke, ƙafarsa ta dama ta kumbura har wandon ya ɗame ta. Kun gan mu. Wani daga cikinku ya ɗaga kai ya ce, "Allah shi sawwaƙe," sannan ya koma kan dararsa. Kada wani ya ce mini bai san abin da ya faru ba. Shekara biyu mutumin nan yana wuce ku kowace safiya a kan kekensa, da gwangwanin fenti da igiyar awo, kuna yi masa dariya. Ni ma akwai nawa laifin, zan faɗe shi idan na iso wurin.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a Bagudo. Ni ina koyarwa a makarantar sakandare, shi kuwa malamin daji ne. Ya yi shekara tara yana aikin gandun daji kafin ya tafi wata jami'a a Kudu neman digiri na biyu, a kan yadda za a ci amfanin daji ba tare da an ƙarar da shi ba. Da ya gama darussan aji sai ya dawo gida yin bincike, ya zaɓi kurmin giginya da ke fadamar Lafagu. Sauran wata biyu ya koma ya kare aikinsa a gaban malamansa. Da wannan aikin yake fatan ya samu a hana sara a kurmin, domin an gaya masa babu wanda zai saurare shi sai da hujja a rubuce.

Abin da ya gano ba shi da wuyar fahimta. Giginya akwai mace akwai namiji. Macen ce ke 'ya'ya, daga ƙodagonta ake samun muruci da matan Lafagu ke kaiwa kasuwar Lolo. Namijin fure kawai yake yi, don haka mutanenmu suka ɗauke shi itacen banza, kuma azararsa ta fi ƙarfi, gara ba ta cinta. Shi ake sara, a bar macen, ana ganin an yi dabara. Malam Bunyaminu ya ƙirga mata ɗari uku da sha biyu a kurmin, maza tara. Ya rubuta wa kowane namiji lamba da farin fenti. Matan da ke nesa da maza, 'ya'yansu sun fara zubewa tun ba su nuna ba.

Wata rana ina wurin ya tare Ɗanmusa, shugaban masu saran azara, yana yi masa bayani.

Ɗanmusa ya ce, "Malam, itacen da ba shi haihuwa, mi amfaninai?"

"Kai kana haihuwa, Ɗanmusa?"

"A'a."

"To ɗiyanka nawa?"

"Bakwai."

"To mu kada ka mu yi azara, tunda ba kai ka haihwa ba."

Masu sara suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ɗanmusa ma ya yi dariya, ya ce, "Boko dai! Wanga malami sai ya ɗaura ma itace aure." Sun yi dariya, amma muddin Malam Bunyaminu yana zaune a kurmin ba sa taɓa masu lamba. Kunyarsa suke ji. Ba shi da wata doka a hannu, idonsa ne kawai katangar kurmin.

Sai aka ba mu jiha. A watan Agusta aka ce mun zama Kebbi, muka yi kiɗa muka yi rawa, ni ma na yi. Kafin wata ya zagayo, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Sakkwato, kowa na neman ɗakin da zai sa iyalinsa. Gini ya tashi, azara ta zama abin nema. Motoci suka fara kwana a bakin fadama. Daga nan Malam Bunyaminu ya daina dawowa cin abincin rana. Matarsa Batulu ke ɗaura masa fura a jikin keke. A kurmin kububuwa ta sare shi, yana sunkuye yana ƙirga 'ya'yan da suka zube.

A ɗakin shan maganin da muka kai shi, Sista Yewande ta wanke wurin saran, ta dube ni, ta ja ni waje. Shekararta goma a garin nan, Hausarta ta fi ta wasu.

Ta ce, "Malam Muktar, ba ni da allurar maciji. Ko ɗaya. Abin da zan iya shi ne in rage mishi ciwo. Ka je ka nemo, kada ka tsaya."

Na tafi. Na yini a hanya, na shiga ofis uku a hedikwatar sabuwar jiha, kowanne aka ce ba a gama kwaso kaya daga Sakkwato ba tukuna, in dawo mako mai zuwa. Washegari na nufi Lolo, aka ce a ƙetaren iyaka ana samu. Na dawo da wani baƙin dutse da aka ce yana tsotse dafi. Muka manna shi a ƙafar, ya faɗi ƙasa.

Rana ta uku muka mayar da shi gida, shi ya roƙa. Jini na tsattsafowa daga dasashinsa, Batulu na gogewa da tsumma, ta wanke a ƙwarya, ta sake gogewa. Ta daina kuka tun jiya. Da la'asar ya buɗe ido ya gan ni.

"Muktar, wa ad da kurmi?"

Na ce, "Akwai mutane can, kada ka damu."

"Ƙarya kakai. Kunnenka na motsi in kana ƙarya." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ɗauko littahin ga mai baƙin bango. Buɗe tsakiya. Ka ga na bakwai? Shi ad tsakiyar kurmi. Mata sun fi ɗari da ka dogara da shi. In sun kada sauran, su bar min shi. Ka tai gobe ka zamna gindinai. Zama ɗai za ka yi, ba sai ka ce komi ba."

Batulu ta ce, "Malam, ka bar zancen itace, ka yi ta kanka."

Ya ce, "Shi na ta kaina, Batulu."

Na ce masa zan je. Ban je ba. Na ce wa kaina ba a barin mai jinya don a je gadin itace, kuma me mutane za su ce. Wannan shi ne nawa laifin. Ni da ke tsayawa a gaban ɗalibai ina zagin lalaci, na zauna a zaure ina amsa gaisuwar masu dubiya.

Ya cika da hantsin rana ta huɗu. Batulu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malam Muktar, taho ka rufe mai ido, hannuna ya ƙiya."

Kun zo jana'iza, wannan ba zan hana muku ba. Sahu ya kai har bakin titi. A maƙabarta, da aka sa shi a kabari, tsoho Malami mai haƙa ya ɗago kai ya ce a miƙo itace. Kafin a taɓa guntayen da aka tanada, sai ga Ɗanmusa ya ratso mutane da amalanke, idanunsa jajur, hawaye na bin gemunsa. Kuka yake yi na gaskiya.

Ya ce, "Baba Malami, aje waɗannan. Mutumin giginya na, da giginya za mu ruhe shi. Namiji na, gara ba ta taɓa shi har abada. Ni nib ba da, sadaka."

Mutane suka yi ta cewa, "Madalla, Allah shi biya ka." Aka fara miƙa guntayen azara hannu da hannu, ɗanyu, suna ƙamshin sabon sara. Ina bakin kabarin, ni ke karɓa in miƙa wa Malami. Na huɗu da ya zo hannuna, a bayansa akwai farin fenti, layi ɗaya a kwance, da somin wani da ya gangaro a karkace, gatari ya raba sauran. Na san hannun da ya rubuta shi.

Na ce a hankali, "Ɗanmusa, wanne ne wannan?"

Ya share ido ya ce, "Babban na tsakiya. Yau da asuba yara sunka kada shi, da munka ga Malam bai zo ba. Ya fi kowane kyau, shi ya sa niz zaɓo mai."

Malami ya miƙo hannu daga cikin rami yana jira. Mutum ɗari na bayana. Me zan ce? In tsayar da binne mamaci in yi lacca a kan fure? Na miƙa masa. Da hannuna na miƙa. Aka jera, aka liƙe da laka, aka tura ƙasa.

Bayan sadakar uku Batulu ta kawo mini littattafansa guda shida a cikin zane, da gwangwanin fentin. Na rubuta wa malamin da ke duba aikinsa. Amsar ta zo da ta'aziyya mai kyau, ta ce ba a ba mamaci damar kare aiki, sai dai idan wani ɗalibi zai ɗora daga inda ya tsaya. Ni Turanci na karanta, ban san awon itace ba.

Na je kurmin. Kututturen na nan a tsakiya, kan giginyar na kwance inda ya faɗi, ganyen ya fara yin fari. Furen ya yi yaushi, amma ƙudan zuma na ta sauka a kansa suna tashi, suna nufar matan da ke tsaye kewaye.

Saura maza takwas. Kai da ka karanta ilmin daji kake zaune kana jiran a ba ka kujera a sabuwar jiha, littattafan na ɗakina, zo ka ɗauka ka ƙarasa. Sauranku kuwa, ranar Asabar da hantsi ina gindin na uku da tabarmata. Gindi bakwai babu kowa. Ku bar darar nan, kowa ya ɗauko tabarmarsa ya zo ya zauna.