Hular Baffa Jaji

Tun da aka yi jihar Jigawa aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube mu a Dutse, gidanmu na Takur ya tashi daga gida ya koma tasha. Duk wanda ya fito daga Buji, garin su maigidana, ko asibiti zai je, ko neman aiki a sakatariya, ko kuwa kawai ya ji an ce an kafa fitilun titi ya zo gani, a wurinmu zai sauka. Malam ba ya iya cewa a'a, ni kuma ba na iya kallon baƙo da yunwa. Haka muka haɗu muka cuci kanmu. Tukunyata ba ta taɓa sanin tuwon mutum biyu ba.

Ba ƙin baƙi nake ba, Allah ya sani. Amma tun da aka ɗaura mana aure, har babban ɗanmu Muslim ya shiga jami'a, ban tuna ranar da ni da Malam muka fara hira muka kai ƙarshenta ba. Da ya buɗe baki sai a yi sallama a ƙofa.

Wata la'asar ya dawo daga ofis da kalanda a hammata, ya shimfiɗa ta a kan tabarma. Hoton teku ne, ruwa har inda ido ya gaji, da wasu bishiyoyin kwakwa a gefe.

"Larai," in ji shi, "hutuna na bana ba a Buji zan yi shi ba. Ƙasar waje za mu je, ni da ke."

Na yi dariya har na ajiye faifan da ke hannuna. Mutumin da Kaduna ce iyakarsa, ita ma sau ɗaya, kuma ya dawo yana ba da labarinta kamar ya je birnin Sin.

"Mu je mu yi me?"

"Mu zauna mu kalli wannan."

"Ruwan?"

"Ruwan."

"To wa zai yi girki?"

"Ba ke ba."

Nan dariyata ta tsaya. Daga ranar na sa abin a raina, na kuma fi shi so.

Da farko jirgin sama ya so. Ya tafi Kano ya tambayo kuɗin kujera, ya dawo kamar wanda ya je ta'aziyya, ban ma tambaye shi ba. Sai aka haɗa shi da Ɗan'inna, wani direban babbar mota ɗan Taura, mai kai albasa kudu har ya ƙetare iyaka. Ya zo bayan sallar magariba suka zauna a tsakar gida, ni ina daga ƙofar ɗaki ina ji.

Ɗan'inna ya ce in dai teku ake so a gani ba tare da an sayar da gona ba, to ƙasar Gana za a nufa, kuma ta ƙasa. Doguwar bas daga Kano zuwa Ikko, wato Legas, daga nan Kwatano, sai Lome, sai Ankara babban birninsu. Ba a neman biza, fasfo ne kawai da katin allurar shawara. Ya ce kada a yi canji a bakin iyaka, a yi shi tun daga Wapa, wurin 'yan canji a Kano. Kuɗi kuma a raba su biyu, rabi a lalitar Malam rabi a jikina, don ɓarawo ba ya lalube mutum biyu a lokaci ɗaya. Abincin hanya tsada gare shi kuma ba ka san wanda ya yanka ba, sai a yi guzuri mai yawa.

"Masauki kuwa, Malam, kada ka ba da ko sisi," in ji shi. "Ka nemi zango, unguwar Hausawa, ka gaida Sarkin Zango. Bahaushe ba ya kwana a titi a ƙasar Gana, kyauta za a sauke ku."

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba. "Malam Ɗan'inna, a yi haƙuri da katsalandan. Masaukin kyauta na san shi, ni nake bayar da shi a gidan nan. A nema mana ɗaki, kome ƙanƙantarsa, mai makulli."

Ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Aka tsaya a kan ɗaki mai makulli.

Muka shiga shiri. Malam ya jira kuɗin hutunsa, ni na roƙi uwar adashinmu ta matso min da kwasata. Aka yi mana allurar, hannunsa ya kumbura ya yi ta raki kamar yaro. Ya sayo akwati wanda mutum zai iya kwana a ciki, na sa ya mayar ya karɓo ƙarami. Kullum bayan ya ci abinci sai ya hau koyon ƙirga da Faransanci saboda Kwatano da Lome, yana yi yana mantawa. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na lokacin ba.

Saura abu ɗaya, sallama. A wurinmu mutum ba ya ƙetare ƙasa bai je ya durƙusa gaban manya ya nemi gafara ba. Kuma ba a tafiya haka kawai. Ana tafiya aikin hajji, ko fatauci, ko neman ilimi, ko neman magani, ko ziyarar ɗan'uwa. Ga shi shekarar ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowane mai wa'azi ya ɗauki lasifika sai ya taɓo masu yawon banza. Malam ya tafi Buji shi kaɗai ran wata Asabar.

Da ya dawo na ga yana ta gyaran takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da ni. Na ajiye masa ruwa na zauna.

"Faɗi," na ce.

Ashe da ya zauna a zaure, dattawa sun kewaye shi, aka ce masa, "Gana? Lafiya dai?" Ya duba fuskokinsu, ya ga ba zai iya cewa zai ɗauki matarsa su je kallon ruwa ba. Sai ya ce Kumasi zai je neman Baffa Jaji.

Baffa Jaji ƙanin mahaifinsa ne. Ya bi fataken goro tun Malam bai yi wayo ba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai ƙishin-ƙishin cewa an taɓa ganinsa a Kumasi. Duk waɗanda suka san shi sun ƙare, saura yayarsa Gwaggo Fatsuma, wadda ta riƙe Malam bayan rasuwar mahaifiyarsa. Kafin ya tashi daga zauren labari ya shiga cikin gida, aka ce tsohuwa har da guɗa.

Kumasi ba a bakin teku take ba. Neman mutum kuma gida-gida ake yinsa, daga wannan zaure zuwa wancan, a sauke ka a gidan mutane, ni a tura ni cikin mata. Guzurinmu da hutunsa ba za su ɗauki biyun ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Wato kunyar mutanen zaure ka ji, ni ba ka ji tawa ba."

"Ki yi haƙuri, Larai. Wallahi bakina ne ya riga ni."

"Sai ka koma ka gaya mata gaskiya."

"Da wane ido?"

"To ni ina da ido. Ka raka ni kawai."

Ran da muka je, ya tsaya a waje wai zai gaisa da liman. Na shiga ɗakin Gwaggo na durƙusa na gaishe ta. Ɗakin yana ƙamshin soyayyen nama. Ta sa an yanka zakarunta an yi dambu, ga ƙuli-ƙuli, ga daddawa da kuka, kowanne da ƙunshinsa.

"Ta can ba ta kai tamu ba," ta ce tana shafa ƙunshin daddawar. "In ya sha miyar zai tuna gida."

Kafin in yi magana ta jawo wata tsohuwar kwalla ta buɗe, ta fito da wata hula, jar dara, wadda ta koɗe har ta kusa komawa ruwan ƙasa.

"Ta mahaifinmu ce. Da aka raba gado ita ta faɗo a rabon Jaji, aka ba ni ajiya. Gonar da ya gada ana nomawa, wannan kuwa tana wuyana. Kin ga na tsufa, ɗiyata. Ba na so in kwanta da kayan wani. In kun same shi ku ba shi, in ya riga mu ku ba ɗansa."

Na zo da maganata a shirye tun daga Dutse, sai na faɗe ta kawai.

"Gwaggo, ki gafarce mu. Ba Kumasi za mu ba. Kunya ce ta sa ya faɗi haka."

Ta ajiye hular a cinyarta. "To ina za ku?"

"Bakin teku."

"Wa kuke da shi a can?"

"Ba kowa."

"Me za ku sayo?"

"Ba komai, Gwaggo. Zama kawai za mu yi, ni da shi, mu kalli ruwa."

"Ruwa dai irin wannan na Allah?"

Sai ta kama dariya har tari ya sarƙe ta, na miƙa mata moɗa. Da ta lafa ta share ido da gefen mayafi, kuma na ga ba duka hawayen ne na dariya ba.

"Allah sarki," ta ce a hankali. "Ni kuma tun ranar nake ta haɗa abin da za a gaya masa."

Ta mayar da hular cikin kwalla ta rufe. Ta turo min kayan guzurin da ƙafa. Na ce a bar mata, ta ce zakaran da aka yanka ba ya komawa akurki. Lokacin ne Malam ya shigo ya zube a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Nata'ala," ta ce masa, "tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba, da girmanka za ka koya? Yarinyar nan ta yi wa mutanen garin nan bauta, kai ta ta huta. Ku ba ni wuri in ɗaure muku kayan. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku."

Na samu abin da na zo nema. Amma a motar komawa Dutse, ina baya cikin mata da ƙunshin a cinyata, ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Tafiyar ta yi yadda Ɗan'inna ya faɗa, sai dai bai gaya mana ƙafa tana kumbura ba. Faransancin Malam ya gudu tun a iyakar farko, da yatsu muka yi ciniki. A Ankara muka sami ɗan ɗaki a bayan wata kasuwar kifi, gado ɗaya da fanka mai kuka, da makulli. Ni na riƙe makullin.

Tekun kuwa kalanda ta rage masa. Na tsaya ina ta tasbihi. Kullum da safe mukan shimfiɗa zane a kan yashi mu zauna. Wata mata mai tallan shinkafa da wake takan zuba min a kwano, in ci, in miƙa mata kwanon ta wanke. Ranar farko sai da na ji kunya. Malam ya ɗauko labarin yadda ya fara ganina a gidan yayata, labarin da ya sha farawa ana katse shi, ya kai shi har ƙarshe. Ashe mutumin nan yana da ban dariya. Na yi barcin rana. Na huta, hutun da ban san akwai irinsa ba.

Muna tsakiyar kwanakinmu dambu ya ƙare, na jawo ƙunshin ƙuli-ƙuli, wanda ban taɓa kwancewa ba. Da na kwance, a ƙarƙashin ƙulin, cikin wani ƙyalle daban, ga jar darar nan.

Har yau ban sani ba ko hannun tsufa ne ya haɗa da ita, ko kuwa da gangan ne. Na dai ce, "Kai, tsohuwar nan!" Sai ga hawaye.

Malam ya karɓa ya juya ta a hannunsa. "Ba komai," ya ce. "In mun koma sai in mayar mata. Alkawari na yi miki."

Na san abin da ya rage a lalitarsa da abin da ya rage a jikina. Ko mu ƙarasa kwanakinmu a nan, ko kuɗin motar Kumasi. Na dubi ruwan, yana zuwa yana komawa kamar yadda ya yi jiya. Na tuna yadda Gwaggo ta rufe kwallar nan ba ta yi min ƙorafi ba.

"Malam, tashi ka tambayo mana tashar Kumasi."

"Larai, a gidan mutane za a sauke mu fa."

"Na sani."

"Babu makulli."

"Na ce na sani. Amma ka gaya musu tun daga zaure, ni baƙuwa ce, ko ludayi ba zan taɓa ba."

Ya miƙa hannu zai sa hular a aljihu, na karɓe. Na naɗe ta a ƙyallenta na sa a jakata, kusa da ƙunshin daddawar.