Idona Na Hagu Ya Ajiye Aiki

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu gajiyarsa ba ta sake ni ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba jini da fitsarin mutane a ɗakin gwaji na wani asibiti. Da na yi ritaya sai na sayi tsohon madubin likita, irin wanda ke mai da ƙwayar ƙura ta zama kamar dutse, na kafa shi kusa da keken ɗinkin matata Ladidi. Ruwan kududdufin bayan gidanmu nake ɗebowa in ɗiga a ɗan gilashi, in kalli wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin gansakuka, kowacce a gidanta na gilashi. Akwai wata mai siffar kwalekwale da nake bi tun bara. Na san akwai siraran layuka a gadon bayanta, amma ban taɓa ganinsu da kyau ba, domin yanar ido ta fara rufe mini na hagu, da shi kuwa na saba dubawa. Sau uku likita na sa mini ranar aiki, sau uku ina kawo uzuri.

A mafarkin na tashi da safe na tarar babu idon. Ba jini, ba ciwo. Takarda ce a naɗe a gurbinsa. Ladidi ta zaro ta, ta karanta, ta ninke.

"Ya ce ya ajiye aiki," in ji ta. "Sai ka bi shi ofis. Ɗauki lema, ana ruwa."

A waje ruwan daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Mutane sun juya lemarsu sun shiga ciki sun tsaya. Ni na riƙe tawa a ka kamar yadda na saba, na jiƙe tun daga ƙafar wando. Da na wuce kududdufinmu na ga shi ma yana tashi ɗigo-ɗigo, ya ragu da rabi. Ban yi sauri ba. Gwiwoyina ba su yarda ba.

Sai ga ni a Ma'aikatar Haske da Duhu. Wata akuya mai tabarau ce a bakin tebur, tana tauna.

"Malam Barau ko? Fayil ɗinka na ci da safe, saboda haka na san komai. Zauna."

"Ranki ya daɗe, babu kujera."

"Kujerun sun tafi kwas."

Na zauna a ƙasa. Can a kan benci na hango idona, ya lulluɓa da wani farin mayafi, yana kallon bango. Na yi masa sallama. Ya amsa ciki-ciki.

"Me na yi maka?" na tambaye shi.

"Ba ka yi mini komai ba. Na gaji ne. Shekara talatin da ɗaya ina leƙa ciwon mutane. Na ce idan ka yi ritaya zan huta, sai ka koma ruwan kududdufi."

Ni ma bayana ciwo yake.

Akuyar ta haɗiye abin da ke bakinta ta ce, "Dokar a fili take. Ido ba ya komawa bakin aiki sai an nuna masa abin da bai taɓa gani ba. Idan ka kasa kafin kududdufi ya gama hawa sama, shi ke nan, za mu tura shi gadi."

Sai ga mu mu uku a kan gilashin gwaji, wanda ya yi faɗin filin ƙwallo. Rana tana ƙarƙashin ƙafafunmu. A tsakiya ga 'yar kwalekwalena, ta kai girman kwalekwale na gaske, an ɗaure ta a jikin turke.

Na fara da hasken da kowa ya sani, na bar ranar ta haska kai tsaye daga ƙasa. Wuri ya yi fari fat. Halittar ta ɓace kamar kofin gilashi a cikin randa, sai ɗan inuwar gefenta. Idona ya yi hamma, ko da yake ba shi da baki.

Na cire maɓallin rigata na toshe tsakiyar ranar da shi, kamar yadda nake yi da baƙar takarda a gida. Maɓallin ya isa daidai. Duniya ta yi baƙi ƙirin, hasken ya zagayo ta gefuna, sai halittar ta fito ita kaɗai tana ƙyalli kamar an ɗinke ta da zaren azurfa. Har akuyar ta daina tauna.

"Da kyau," in ji idona. "Amma na gani. Ka nuna mini irin wannan tun ranar sunan jikarka, muna makara ana ta kiranka a waya."

Na laluba aljihu na fito da ledar alewa guda biyu, ja da shuɗiya, don in rina hasken: fili ya yi shuɗi, halittar ta yi ja. Kafin in shimfiɗa su akuyar ta miƙo wuya ta karɓe.

"Sai an tantance," ta ce, ta cinye.

Saura dabara ɗaya, a kawo hasken ta gefe ɗaya, a karkace. Na sauka na sa kafaɗa na tura ranar. Ba ta da zafi, nauyi ne da ita kamar buhun siminti da ya sha ruwa. Na tura, na huta, na sake turawa. Ko motsi ba ta yi ba. Na zauna a gindinta ina haki. Ruwan da ke kan gilashin ya soma tashi, igiyar kwalekwalen ta miƙe.

Sai na ji ƙarar keken ɗinki. Ladidi ce tafe a kansa tana taka shi kamar keken hawa. Ta tsaya, ta dube ni, ta dubi ranar.

"Malam, wa ya ce maka ana tura rana? Kashe ta."

Ta miƙa hannu ta kashe. Ta fito da 'yar tocilarta, ta durƙusa, ta kwantar da ita kusan daidai da ƙasa.

"Haka nake duba ɗinki idan zare da yadi launinsu ɗaya. Daga sama ba ka ganin komai."

Hasken ya bi gadon bayan halittar a kwance. Layukan suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inuwarsa, kamar kunyoyin gona da hantsi. A cikin kowane layi akwai ƙananan ramuka a jere, ba wanda ya kauce. Idona ya ɗage mayafinsa ya matso.

"Ashe haka take," ya ce a hankali.

Sai mayafin ya zamo ya sake rufe shi. Ya ɗage, ya sake zamowa.

"Ka gani? Ba ni na sayi mayafin nan ba, kuma ba zan iya cire shi da kaina ba. Kai kake tsoron wuƙa, ni nake zaman duhu."

Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa Ladidi ba, ga ta kuwa tana ji. Ina ɗan shekara tara wani mai cire yana ya zo ƙauyenmu da allura. Babana ya shiga ɗaki wurinsa yana ganin dishi-dishi, ya fito yana laluben bango. Ni na ja masa sanda har ya rasu.

Akuyar ta cire tabarau ta goge da kunnenta.

"Waccan allura ce a ɗakin ƙasa," in ji idona. "Kai da kanka ka yi aiki a asibiti. Ba ni rana, in koma."

Akuyar ta ɗaga hatimi. Igiyar ta tsinke, kwalekwalen ya fara bin ruwa sama, Ladidi na bin sa da tocila. Na buɗe baki in ce Alhamis, amma abin da ya fito daga bakina ƙarar ƙarfe ce, ƙwam, ƙwam, ƙwam.

Mai ruwa ne yake dukan ƙofar gida da gindin jarka. Gari ya waye. Na daɗe a kwance, jikina kamar an yi mini duka. Ina jin Ladidi tana shara a tsakar gida.

"Ladidi," na kira ta. "Ranar Alhamis kada ki karɓi ɗinkin kowa. Za ki raka ni asibiti."

Tsintsiyar ta tsaya. Can ta ci gaba.

"To," ta ce. "Tashi ka buɗe wa mutumin nan kafin ya ɓalle ƙofar."